Idan Maƙeri Ɗaya Ne a Gari: Koken Marubutan Manhaja ga Masu Ƙera Musu Kayan Aiki

Manomin da ke Tsaskiya, a ƙaramar hukumar Safana ta Jihar Katsina, idan bakin garmarsa ya cinye ko fartanyarsa ta karye ana tsakiyar noman farko, abin ba ya hana shi barci. Zai ɗauka ya kai wa maƙerin garinsu. In kuwa maƙerin ya yi ƙaura ko ya bar sana'ar, akwai wani a Safana, akwai wani a Batsari, akwai wasu a Dutsin-ma. Ƙirar garma ba sirrin gida ɗaya ba ce. Duk wanda ya gaji uwar maƙera da zugazugi, ya dubi tsohuwar garma da kyau, zai iya fitar da irinta.

Akwai wasu masu sana'a da ba su yi wannan dace ba. Su ne marubutan manhajar kwamfuta, wato mutanen da ke tsara umarnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke bi ta lissafa albashi, ko ta fitar da sakamakon jarrabawa, ko ta tura kuɗi daga wannan asusu zuwa wancan. Da yawa daga cikinsu da kayan aikin kamfani ɗaya suke aiki, kuma wannan kamfani shi kaɗai ya san yadda aka ƙera kayan, shi kaɗai doka ta yarda ya taɓa su. Ranar da ya ce ya daina, ko ya ce daga yau ga sabon farashi, babu maƙeri na biyu. Abin da ya rage wa masu sana'ar shi ne su kai kuka. Tun daga farkon shekarun 2000 an sha kai irin wannan kuka. Wani ya yi tasiri cikin kwana 10, wani kuma an shekara 9 ana maimaita shi ba a sami biyan bukata ba. Akwai dalilin wannan bambanci, kuma wani masanin tattalin arziki ya fara hango shi ne a kan jirgin ƙasan da ke jigilar gyaɗa daga Kano.

Me marubucin manhaja yake saye?

Kwamfuta ba ta jin Hausa, ba ta jin Turanci. Abin da take ganewa kawai shi ne jerin sifili da ɗaya. Mutum kuwa ba zai iya zama yana jera miliyoyin sifili da ɗaya ba tare da ya ruɗe ba. Saboda haka aka ƙirƙiro harsunan rubuta manhaja, irin su BASIC da Pascal da C da Java da Python, waɗanda ke da kalmomi da nahawun da ɗan Adam zai iya karantawa. Tsakanin rubutun mutum da na'ura akwai wata manhaja ta musamman mai aikin tafinta, ita ke juya abin da aka rubuta zuwa harshen na'ura. (Malamai za su lura cewa kalmar manhaja, wadda suka sani da ma'anar tsarin karatu, ita aka aro aka raɗa wa tsarin umarnin kwamfuta.)

Tafinta ba ya zuwa shi kaɗai. Tare da shi akwai rumbun shiryayyun sassa, kamar taga da maɓalli da akwatin rubutu da hanyar aika aiki ga na'urar buga takarda, don kada kowane marubuci ya sake ƙera su daga tushe. Akwai kuma wani ɓangare da dole ya zauna a cikin kwamfutar mai amfani kafin manhajar ta tashi, wanda za a iya kira injin tafiyarwa. Waɗannan uku su ne fartanya da garma da lauje na marubucin manhaja.

Sai dai wanda ya biya kuɗi ya karɓi waɗannan kaya daga kamfani, ba kayan ya saya ba, izinin amfani da su ya saya, wato lasisi. Asalin rubutun da aka gina tafintan da shi yana kulle a wurin kamfanin. Bugu da ƙari, duk abin da marubuci ya rubuta a wannan harshe, ko layi 500 ne ko layi 500,000, ba shi da amfani sai da wannan tafinta. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. To, a nan mai aron ya ɗauki shekaru yana yi wa zanen ado da zarensa da guminsa, alhali mai shi na iya zuwa karɓar abinsa.

Idan kamfani ya ce ya janye tallafi daga wata manhaja, ba wai za ta mutu a ranar ba. Ma'anarsa ita ce, in an gano wata kafa da ɓarayin intanet za su iya shiga, ba wanda zai toshe ta. In an fito da sabuwar kwamfuta ko sabuwar babbar manhaja kamar Windows, ba wanda ya ɗauki alkawarin tsohuwar za ta zauna da ita lafiya. Kamar katangar ƙasa ce da aka daina yi wa yaɓe. Damina ɗaya ba za ta kayar da ita ba, amma kowa ya san inda aka dosa.

Labarin Visual Basic

Tsawon shekaru, ɗaliban sakandare da yawa a Nijeriya da harshen BASIC suka fara koyon ba kwamfuta umarni. Malamai biyu na Kwalejin Dartmouth a Amurka, John Kemeny da Thomas Kurtz, su suka ƙirƙiro shi a 1964, domin ɗalibin da ba lissafi yake karanta ba shi ma ya iya amfani da na'ura. Da wannan harshe kamfanin Microsoft ya fara ciniki: hajarsa ta farko a 1975 tafintan BASIC ce da Bill Gates da Paul Allen suka shirya wa wata ƙaramar kwamfuta mai suna Altair.

A 1991 kamfanin ya fito da Visual Basic. Sabon abin da ya zo da shi shi ne, maimakon mutum ya rubuta dogon umarni don a zana taga da maɓalli, sai ya jawo su da linzamin kwamfuta ya ajiye inda yake so, sannan ya rubuta ɗan taƙaitaccen umarni a bayan kowane maɓalli. Wannan sauƙi ya buɗe ƙofa ga mutanen da ba su taɓa zaton za su rubuta manhaja ba: akawu, malamin makaranta, mai kula da sito, ma'aikacin asibiti. Miliyoyin mutane a duniya suka rungume shi. Siga ta shida, wadda aka fi sani da VB6, ta fito a 1998, kuma ɗaliban kimiyyar kwamfuta da dama a jami'o'i da kwalejojin fasaha na Nijeriya da ita suka yi aikin kammala karatu, irin su manhajar rajistar ɗalibai ko ta lissafin kayan kanti.

A watan Fabrairu na 2002 Microsoft ya fito da magajin VB6, ya kira shi Visual Basic .NET. Sunan na nan, kalmomi da yawa na nan, amma ginshiƙin ginin ya sauya gaba ɗaya, har ta kai manhajar da aka rubuta da tsohon harshe ba ta tashi a kan sabon sai an yi mata gyara mai yawa.

Ga misali mai sauƙi. A VB6, in ana son akwatin rubutu ya nuna gaisuwa, ya wadatar a rubuta Text1 = "Sannu", tafinta zai gane rubutun cikin akwatin ake nufi. A sabon harshe dole a ce Text1.Text = "Sannu". Ƙaramin abu ne, amma a manhajar da ke da irin wannan layi dubbai, aiki ne ja. Ga kuma misali mai haɗari. A tsohon harshe, lambar da aka kira Integer tana cin gurabe 16 na sifili-ko-ɗaya, kuma ba ta wuce 32,767. A sabon harshe wannan suna ɗaya na nufin gurabe 32, masu ɗaukar har 2,147,483,647. A ƙaddara wata makaranta ta adana makin ɗalibanta da tsohuwar manhaja, kowane maki a gurabe 16, ɗalibi na farko ya ci 65, na biyu ya ci 70. In aka kwafe umarnin karanta fayil ɗin zuwa sabon harshe ba tare da lura ba, na'ura za ta haɗiye makin mutum biyu a lokaci ɗaya, ta ba da rahoton cewa ɗalibi na farko ya ci 4,587,585. Ba za ta nuna alamar kuskure ba, domin a wurinta umarni ta bi. Gaskiya ne kamfanin ya ba da wata manhaja mai juya tsohon rubutu zuwa sabo, kuma tana kama irin wannan matsala ta lamba. Amma akwai abubuwa da yawa da ba ta iya juyawa, sai dai ta sa musu alama ta bar wa mutum, don haka manyan ayyuka kan ƙare da sake rubutu da hannu da sake gwaji daga farko. Wasu tsofaffin masu amfani da harshen, don takaici, suka yi wa sabon laƙabi da Visual Fred, wai ai ba Basic ba ne, a ba shi kowane suna ma ya yi.

Kuka na farko ya ɗan yi amfani. Tun a 2001, lokacin da sabon harshe ke matakin gwaji, marubuta suka yi ca a kan wasu sauye-sauye, kamfanin kuma ya janye kaɗan daga cikinsu. Alal misali, ya bar ƙimar kalmar True a kan -1 kamar yadda aka saba, ya kuma bar umarni irin Dim maki(10) yana ba da gurabe 11, daga 0 zuwa 10. Abin lura a nan shi ne, a lokacin ba a riga an sayar da komai ba, gyaran bai ci wa kamfanin kuɗi mai yawa ba, kuma yana bukatar mutanen su yarda su hau sabon doki.

Kuka na biyu shi ne babba. Microsoft ya sa ranar 31 ga Maris 2005 a matsayin ƙarshen babban tallafi ga VB6. A cikin wannan wata aka fitar da takardar koke, kuma waɗanda suka fara sa hannu ba abokan gaba ba ne. Ƙwararru ne na waje da kamfanin da kansa ya karrama da lambar yabo ta MVP saboda taimakon da suke yi wa masu amfani da kayansa kyauta. Fiye da 100 daga cikinsu suka sa hannu tun da farko, daga baya suka haura 200, dubban sauran marubuta kuma suka bi sahu. Ba su ce a soke sabon harshe ba. Roƙonsu shi ne a ci gaba da raya tsohon tare da sabon, domin dukiyar da kamfanoni da hukumomi suka zuba a tsofaffin manhajoji kada ta salwanta. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce, masu rubutu da harshen C++ a gidan Microsoft ɗin nan ba a yanke musu hanya haka ba, an bar tsohon rubutunsu yana aiki, ga shi kuma da wannan harshe kamfanin ke gina Windows da Office.

Adalci ne a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Duniyar 2002 ba ta 1991 ba ce. Intanet ta shigo, harshen Java na kamfanin Sun, wanda ya fito a 1995, yana janye manyan abokan ciniki, kuma tsohon ginshiƙin VB6 na da cututtukan da suka daɗe suna damun kowa, musamman yadda sa sabuwar manhaja kan lalata wata da ke zaune lafiya a kwamfuta ɗaya saboda suna tarayya a kan sassa. Wasu daga cikin abubuwan da sabon harshe ya kawo, marubutan da kansu suka daɗe suna nema. Riƙe tafinta biyu kuma na nufin biyan injiniyoyi kashi biyu. A ganin kamfanin, kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Bai sauya ra'ayi ba. Tallafin ƙarshe ga kayan rubuta VB6 ya ƙare a watan Afrilu na 2008. An sake tayar da roƙon, da neman ko dai a dawo da harshen ko a saki asalin rubutunsa ga jama'a su ci gaba da kula da shi, kamfanin ya sake ƙi a 2014. A watan Maris na 2020 kuma ya sanar cewa magajin ma, wato Visual Basic .NET, ba ya da niyyar ci gaba da ƙara masa sababbin abubuwa a matsayin harshe. Abu ɗaya masu koke suka tsira da shi: injin tafiyarwa na VB6 ya ci gaba da zuwa a cikin Windows, daga Vista har zuwa Windows 11, don tsofaffin manhajoji su riƙa tashi.

Masu amfani da FoxPro ma haka ta faru da su. Wannan harshe ne na sarrafa rumbun bayanai, ɗan uwan dBase, kuma a shekarun 1990 su biyun na cikin abubuwan da ake koyarwa a cibiyoyin koyon kwamfuta na Nijeriya. Microsoft ya sayi kamfanin Fox Software a 1992. A watan Maris na 2007 ya ce ba za a yi siga ta goma ba. Marubuta masu magana da harshen Sifaniyanci suka jagoranci koke mai suna MasFoxPro, aka ba su amsa cikin ladabi, aka kuma rufe tallafi gaba ɗaya a watan Janairu na 2015.

Abin da jirgin gyaɗa ya koya wa wani masani

A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, haifaffen Jamus mazaunin Amurka, ya zo Nijeriya yana nazarin ayyukan raya ƙasa, ciki har da harkar jirgin ƙasa. Wani abu ya ɗaure masa kai. Gyaɗar da ake tarawa a Kano kaya ce mai nauyi, tafiyarta zuwa bakin teku mai nisa ce, irin aikin da jirgin ƙasa ya kamata ya fi kowa iyawa. Amma manyan motoci suna ƙwace cinikin, hukumar jirgin kuma ba ta gyara aikinta ba. Bayanin da ya kai gare shi shi ne, 'yan kasuwar da suka fi damuwa da jinkiri, waɗanda da su ne za su fi ɗaga murya, sun koma mota sun yi shiru. Ita kuma hukumar asarar ba ta yi mata zafi ba, domin baitulmalin gwamnati na cike mata giɓi. Daga wannan tunani ya rubuta littafinsa na 1970 mai suna Exit, Voice, and Loyalty, inda ya nuna cewa wanda bai ji daɗin ciniki ba hanya biyu gare shi, ko ya fice ko ya yi magana, kuma ƙarfin kowace hanya ya danganta da ɗayar.

In aka auna rikicin VB6 da wannan ma'auni, sai abin ya fito fili. Masu koken suna da gaskiya, suna da suna, suna da yawa, amma ba su da inda za su. Babu wani kamfani da ke da tafintan da zai karɓi rubutunsu yadda yake. Wanda ya fusata ya koma Java ko Delphi, shi ma sake rubutu zai yi daga farko, kuma galibi manhajarsa a kan Windows za ta ci gaba da zama. Wanda ya zauna a kan tsohon harshe kuwa ya ma ƙara ɗaurewa ga Windows, tunda can kaɗai injin tafiyarwarsa yake. Ko ta ina aka bi, babbar hajar kamfanin ba ta yi asara ba. Shi ya sa ya ba da abin da ke kare cinikin Windows, wato injin tafiyarwa, ya hana abin da zai ci masa kuɗi.

Sai a dubi abin da ya faru a 2023. Unity kayan aiki ne na gina wasannin kwamfuta da na wayar hannu, ya fara fitowa a 2005 daga wani ƙaramin kamfani a ƙasar Denmak, ya kuma zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi amfani da su a duniya. Ranar 12 ga Satumba 2023 kamfanin ya sanar cewa daga 1 ga Janairu 2024, wasan da ya samar da dala 200,000 a cikin wata 12, aka kuma sauke shi sau 200,000, zai riƙa biyan kuɗin da ya kai har santi 20 na dala duk lokacin da wani ya sa shi a na'urarsa. Dokar za ta hau har kan wasannin da aka riga aka gama aka fitar kasuwa, kuma kamfanin ne da kansa zai ƙiyasta adadin saukewar. Ga mai wasan kyauta da ke rayuwa da talla, wanda abin da yake samu daga kowane ɗan wasa ka iya gaza santi 20, wannan na nufin yawan farin jini na iya zama hanyar karyewa. Kamar a ce mai gona ya ba da haya an yi shuka, sai da gero ya fitar da kai ya zo ya ce kuɗin hayar a kan kowace zangarniya za a biya.

Masu gina wasanni suka yi koke kamar yadda na VB6 suka yi, amma ba su tsaya nan ba. Gungun kamfanonin wasannin waya suka kashe tallace-tallacen da ke bi ta hannun Unity a cikin wasanninsu, wato suka toshe masa hanyar kuɗi nan take. Kamfanin Mega Crit ya ce zai ɗauke wasan da yake ginawa zuwa wani wuri, ya kuma cika, ya koma Godot, wani kayan aiki na kyauta da wasu 'yan Ajantina biyu, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka saki asalin rubutunsa ga duniya a 2014. Kamfanin Re-Logic ya ba masu kula da Godot gudummawar dala 100,000. Ranar 22 ga Satumba, kwana 10 kacal bayan sanarwar, Unity ya nemi gafara ya sassauta sharuɗɗan. Ranar 9 ga Oktoba shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka. A watan Satumba na 2024 sabon shugaba ya soke kuɗin gaba ɗaya, ko da yake ya ƙara farashin rajistar shekara ga manyan masu amfani. Ba wai masu wasanni sun fi na VB6 iya tsara magana ba ne. Suna da maƙeri na biyu, kuma ficewarsu tana taɓa aljihun wanda suke yi wa magana.

Akwai hanya ta uku, wadda sai asalin rubutun yana buɗe take samuwa. A watan Janairu na 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun, ya gaji manhajar ofis ta kyauta mai suna OpenOffice. Masu aiki a kanta na sa kai ba su natsu da makomarta ba. Da yake lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafi asalin rubutun ya gyara, ranar 28 ga Satumba 2010 suka ɗauki kwafinsu suka kafa gidauniya, suka ci gaba da aiki da sabon suna, LibreOffice. Ba su nemi izinin kowa ba. A 2011 Oracle ya miƙa abin da ya rage ga gidauniyar Apache.

Kada a ɗauka buɗaɗɗen rubutu maganin kowace cuta ne. Harshen Python na kowa ne, amma da siga ta uku ta fito a 2008 ta ƙi karɓar wasu rubuce-rubucen siga ta biyu, an yi shekaru ana jayayya. Bambancin shi ne, masu kula da harshen sun ɗage ranar rufe tsohuwar siga daga 2015 zuwa 1 ga Janairu 2020, kuma asalin rubutunta na nan ga duk wanda ke da ƙarfin ci gaba da kula da ita. Ƙarfin kuwa shi ne magana, domin raya tafinta aikin ƙwararru ne masu yawa na tsawon shekaru.

Yadda abin ya shafi Batsari da Safana

Mai karatu na iya cewa wannan rigimar manya ce a ƙasashe masu nisa. Amma manhajar da ke fitar da sakamakon jarrabawa a makarantar sakandare, da wadda ke cikin na'urar POS a kasuwa, da wadda asibiti ke rajistar marasa lafiya da ita, kowace da wani harshe aka rubuta ta, kuma kowane harshe yana da mai riƙe da shi. Kwamfutocin ɗakunan gwaji na makarantu da yawa tsofaffi ne. Microsoft ya janye tallafi daga Windows 7 a watan Janairu na 2020, ya kuma kawo ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025.

Har ila yau, salon cinikin ya ƙara karkata ga masu kaya. Wanda ya sayi VB6 a 1998 faifai ya karɓa a hannunsa, kuma ko kamfani ya daina, faifan na nan. Kayan aiki da yawa na yau haya ake biya wata-wata ko shekara-shekara, da dala, wasu kuma ba sa buɗewa sai sun tuntuɓi kamfanin ta intanet sun tabbatar an biya. Mutanen wannan yanki sun ga abin da hakan ke nufi. A watan Satumba na 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, aka yi watanni a haka. A irin wannan hali, tsohuwar manhajar da ke zaune a cikin kwamfuta tana aikinta muddin akwai wuta, amma wadda ranta ke rataye a wata na'ura a ƙetare ta zama hoto. Ga kuma canjin kuɗi: dalar da ba ta kai naira 500 a farashin hukuma ba a farkon watan Yuni na 2023 ta haura naira 1,400 a cikin 2024, wato hayar ta ninka kusan sau uku ba tare da mai kaya ya ƙara ko sisi ba.

Matashin da ya fito daga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya fara rubuta wa makarantu da shaguna manhaja, ƙaramin abokin ciniki ne a idon babban kamfani, kuma kukansa shi kaɗai da wuya ya kai kunnen kowa. Ƙarfinsa yana wurin zaɓi, tun kafin ya rubuta layin farko. Harshen C, alal misali, yana da rubutacciyar ƙa'ida ta ƙasa da ƙasa tun 1990, kuma kamfanoni da ƙungiyoyi daban-daban suna da tafintocinsa, in wannan ya daina wancan na nan. Bayanan da aka adana a matsayin rubutu tsantsa, layi-layi da waƙafi tsakanin suna da maki, kusan kowace manhaja na iya karanta su ko bayan shekara 30, saɓanin waɗanda aka kulle a wani tsari da kamfani ɗaya kaɗai ya sani. Shugaban makarantar da zai ba da kwangilar manhajar sakamako yana da haƙƙin tambaya da wane harshe za a rubuta ta, wa zai riƙe asalin rubutun, kuma ta yaya za a fitar da makin ɗalibai in wata rana aka rabu da wanda ya rubuta. A wannan ciniki, shi marubucin ne ya koma matsayin maƙeri ɗaya a gari.

Malamin da ke son nuna wa ɗalibansa shaidar wannan labari da idonsu yana iya yi a ɗakin kwamfuta. A na'ura mai Windows 10 ko 11, a buɗe babban fayil na Windows, a shiga wanda ake kira SysWOW64, ko System32 in na'urar ta tsohon tsari mai gurabe 32 ce, a nemi msvbvm60.dll. Shi ne injin tafiyarwa na harshen da ya fito a 1998, aka rufe kayan rubuta shi a 2008, kuma girmansa bai kai na hoto ɗaya da wayar zamani ke ɗauka ba.